Sun wanke min fim, sun wanke har da hoton

Sama da shekara 30 ina ɗaukar hoto, ban taɓa zama na rubuta sharhi a kan masu wankin fim ba sai yau. Kuma wallahi da niyyar yabo na zauna. Fim biyar na aika musu, huɗu masu launi, Portra 400, ɗaya baƙi da fari, Ilford HP5 Plus. Masu launin nan sun fito yadda raina yake so: fatar mutum ta fito a fatar mutum, ba ja ba kore, sararin sama bai ƙone ba. Na buɗe hotunan da suka turo min a kwamfuta ina murmushi ni kaɗai, na ce to, na samu wurin zuwa.

Sai na nemi na biyar, babu. Na ɗauka mantuwa aka yi wajen turowa. Da nagatif ɗin, wato fim ɗin da aka wanke, suka iso hannuna na zaro na biyar ɗin na ɗaga a hasken taga, sai ga leda fes, tun daga farko har ƙarshe kana hango yatsanka ta bayanta. Hoto 36, ko inuwa ɗaya babu.

Na kira su. Yaron da ya ɗauka, da ladabinsa dai, ya ce, "Yallaɓai, ai kyamararka ce ba ta ja fim ɗin ba, muna yawan ganin haka." Nan ne raina ya ɓaci. Kyamarar Pentax K1000 ce, irin wadda aka fara yi a 1976, a hannun mahaifina na same ta, da ita na koyi hoto. Duk sanda na ja hannunta na matsar da fim gaba, idona yana kan maɗaurin mayar da fim, in bai juya ba na san fim bai kama ba. Ranar ya juya sau 36. Amma a bar ma wannan. Duk wanda ya taɓa riƙe nagatif ya san akwai rubutu a gefensa, sunan fim da lambobin hoto, tun daga kamfani ake buga su da haske. Ko ba ka ɗauki komai ba, in dai an wanke daidai, rubutun nan zai fito. Nawa babu shi. Na ce masa, "Ɗana, duba gefen fim ɗin ka karanto min abin da ka gani." Shiru.

Abin da ya faru a fili yake. Sun haɗa shi da masu launin sun zuba a injin C-41, na wankin fim mai launi. Fim mai launi, hotonsa rini ne, shi ya sa bayan an wanke akwai sinadarin da ke cire azurfar gaba ɗaya a bar rinin. Shi kuwa HP5 hotonsa azurfar ce kanta, ba shi da rini ko ɗigo. In ka cire ta me ya rage? Akwai baƙi da fari da aka yi don wannan injin, XP2, shi ma na kamfanin Ilford, wataƙila ganin sunan Ilford ya sa mai aikin bai ƙara duba gwangwanin ba. Alhali na rubuta a takardar oda, na kuma manna wata a jikin gwangwanin da hannuna.

Mahaifina ne a fim ɗin. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, kuma ba ya son a ɗauke shi, shi da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar mutane. Ranar ne ya yarda, ya zauna kusa da taga, hannuwansa a kan gwiwa, har yana yi min gyara cewa hasken ya yi yawa ta hagu. Kyamarata ta dijital tana cikin jaka a gefena, mai ramin kati biyu, wadda ko kati ɗaya ya lalace hoton yana ɗayan. Ban ciro ta ba. Na ce wannan zama na fim ne. Laifina ke nan, na yarda, amma ba shi ya zuba fim ɗina a ruwan da ba nasa ba.

Da na huce na koma kan masu launin da nake ta yabo, sai na fara ganin abin da murna ta rufe min ido a kai. An yanka nagatif ɗaya ta tsakiyar hoto. Akwai shatin yatsa a kan guda biyu. Kuɗin TIFF na biya, wato manyan fayilolin hoto masu cikakken inganci, JPEG ƙanana aka turo, sai da na yi magana sau biyu. A da, da na ce ajizanci ne. Yanzu na gane hannu ɗaya ne ya yi duka, hannun mai sauri.

Mai wurin ya kira daga baya ya amsa laifi, wannan kam na ba shi. Ya ce zai ba ni sabon fim da wanki kyauta. Na gode masa, na ce ya riƙe. Tauraro biyu na ba su, kuma na launin ne. Mai launi ko zan sake aika musu, ban yanke ba tukuna. Baƙi da fari kuwa na zaro tsohon tankina daga kwali, na sayo sinadari da ma'aunin zafi, zan koma wanke abina a digiri 20 kamar yadda Baba ya koya min. Na roƙe shi mu sake zama jikin tagar, ya ce sai ya yi shawara.