Na duba wa Alhaji tsohon jirgin ruwa na katako a Legas, ga abin da na gani

Watan da ya wuce Alhajin da nake wa aikin kofofi da kabad tun lokacin da ya gina gidansa na GRA a Zariya ya kira ni da daddare, ya ce in shirya zan je masa Legas in duba wani jirgin ruwa na katako da aka sa a kasuwa. Na ce ranka ya dade ni fa kafintan gida ne, ruwan da na sani bai wuce Galma da dam din Shika ba. Ya ce ai katako katako ne, kai ka san mai kyau ka san rubabbe, tuki kuma akwai mai yi. To shikenan, na hau mota a Kwangila. Kwana 3 na yi tare da jirgin nan, rana daya an dago shi kan tudu na duba cikinsa da bayansa, kwana 2 kuma muna ruwa, kuma tunda har yanzu ba a saye shi ba kuma na ji wasu 'yan uwanmu mazauna can suna zancensa, na ga gara in rubuta abin da na gani tsakani da Allah.

Jirgin irin wanda iska ke turawa ne, da doguwar sanda a tsakiya da kyallaye biyu, babba a baya karami a gaba. Sunan samfurin Folkboat, asalinsa daga kasar Suwidin, a 1942 aka fara kera irinsa, kuma ma'anar sunan jirgin jama'a ne don an zana shi ne yadda mai matsakaicin karfi zai iya mallaka. Tsawonsa kafa 25 ne, fadi mita 2 da dan kadan, nauyinsa kusan tan 2, kuma wajen rabin nauyin nan wani katon karfe ne da aka daure a kasansa. Wani bature ne ya shigo da shi shekarun baya, da zai koma gida ya sayar wa mai shi na yanzu, shi kuma ya kashe masa kudi aka gyara.

Aikin katakon ne ya fara kama min zuciya wallahi. Allunan jikinsa ba a jera su baki da baki ba yadda muke hada teburi, kowane allo ya dan hau kan na kasansa ne kamar yadda ake dora kwanon rufi, sannan aka dinke su da kusoshin jan karfe, kusa ta shiga ta waje ta fito ta ciki a sa mata dan karamin zobe a dake kanta ta baje. Haka har jikin hakarkarin jirgin, wato katakan da aka lankwasa da tururi. Babu gam a tsakanin allunan. Abin da ke hana ruwa shiga shi ne katakon ya sha ruwa ya kumbura ya matse dan uwansa. Na dade a tsugune ina shafa layin kusoshin nan, wanda ya yi aikin nan tun farko Allah ya ba shi hannu, babu kusa daya da ta kauce daga layi.

Gyaran da aka yi masa ma a wurare masu muhimmanci an yi na gaskiya. Na bi jikinsa da karamar guduma ina kwankwasa allo bayan allo, mai lafiya yana amsawa tas, rubabbe kuwa sai ka ji bus kamar ka bugi katifa, kuma daga gaba har baya ban ji bus ba a kasan jirgin. An canza alluna 4 a gefen hagu da madaci, sun zauna daidai. Hakarkari 6 da suka tsage an kara musu sababbi a gefe an dinke. Manyan kusoshin da ke rike da karfen kasa an sake su, mai jirgin ma ya ajiye tsofaffin ya nuna min, daya tsatsa ta cinye tsakiyarta ta koma kamar tsinken tsire alhali kanta da gindinta lafiya lau. Wanda ya ajiye maka irin wannan ya nuna maka da kansa ba boye-boye yake ba, wannan na yaba masa.

Amma akwai inda raina bai kwanta ba. Matukin jirgin, wani dattijo dan bakin ruwa da yake jin Hausa kadan-kadan, shi ya koya min cewa in ka ga ruwa a kasan jirgi ka dandana, in da gishiri to daga teku ya shigo kuma dan kadan ba komai ba ne a jirgin katako, in kuwa babu gishiri to ruwan sama ne ke bi ta rufi, shi ne mai rubar da katako. Na dangwala na dandana, babu gishiri. Na bi sawu har gindin sandar tsakiya inda ta ratsa rufin, sai ga tabo baki karkashin banish, na danna bakin sukudireba ta shige kusan rabin inci. An shafe wurin da banish mai sheki ne kawai aka wuce. Haka akwatunan zama na baya, da sukurun karfe na kasuwa aka daure su, har sun fara zubar da jan hawaye a jikin fenti. Wannan aikin ganin ido ne, kuma na fada wa mai jirgin a gabansa, bai musa ba, ya ce yaran da suka karasa aikin sama daban ne da wanda ya yi na kasa. Gyaran ba zai wuce sati 2 ba a hannun wanda ya sani, sai dai dole a cire shi daga kudin.

Ranar da muka shiga ruwa da karamin inji na baya muka fita, irin wanda ake makalawa a kwale-kwale, kuma sai da aka ja igiyarsa sau 9 kafin ya tashi, washegari ma haka, don haka duk mai saye ya sa kudin wani injin a lissafi. Da muka fito fili dattijon ya kashe shi aka daga kyallaye. Jama'a shirun nan ban san yadda zan kwatanta muku shi ba, ni da kullum kunnena ke cikin karar injin yanka katako da janareta, sai ga abu mai nauyin tan 2 yana tafiya babu kara sai ruwa na lasar allunan nan yana wani kulkul a hankali. Da iska ta kara karfi jirgin ya kwanta gefe guda har ruwa ya kusa taba bakinsa, na rike katako ina salati, dattijon ya ce in kwantar da hankali karfen kasa ba zai bari ya kife ba, iya kwanciyarsa iya yadda karfen ke jawo shi ya mike. Haka kuwa aka yi, ya kai wani wuri ya tsaya cak bai kara ba. Ya ba ni sandar tuki na rike da yatsu biyu kawai, jirgin na bin layi kamar ingarman da ya san hanyar gida. Ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai a yi ta karkata dama da hagu ana cin gaba kadan-kadan, gudunsa kuma bai wuce kilomita 10 a awa ba, mai gaggawa ya nemi mai inji. Mun wuce manyan jiragen kwantena masu shiga Apapa, muka je Tarkwa Bay muka jefa anka, wato karfen da ke tsayar da jirgi wuri daya, na yi alwala da ruwan teku na yi la'asar a kan yashi. Irin wannan samfurin ne wani baturen Ingila mai suna Hasler ya dan sauya masa fasali ya ketare tekun Atlantika da shi shi kadai a 1960, daga Plymouth zuwa New York cikin kwana 48, kuma bayan na rike sandar nan na yarda zai iya.

Ciki kuwa a nan matsalar mutanenmu take. Dakin gajere ne, ba ka iya mikewa tsaye, a zaune kake komai. Gado biyu ne sirara a gefe da wani lungu a gaba, ga dan risho, bandaki babu sai bokiti. Ga zafin Legas da rana. Maza biyu ko uku za su yi maneji, amma ka ce za ka dauko iyali da yara mata ku wuni a ciki, babu sutura sam, kuma Alhaji da iyali yake tunani.

Babban abin da ya sa na dawo na zauna da Alhaji shi ne niyyarsa ta a doro jirgin a tirela a kawo shi Zariya a sa a dam, yara su rika shiga ranar hutu. Na ce Alhaji ka tuna kofar falonka ta madaci, da damina sai an sa kafada take rufuwa, da hunturu kuma kana hango hasken waje ta tsakaninta. To jirgin nan gaba dayansa kofar nan ce. Tun a hanya, kwana biyu a bayan tirela cikin rana da iska, allunan za su fara ja da baya. In ya iso ya tarar da hunturunmu da ke fasa lebe da dunduniya, duk abin da ke saman ruwa zai bushe ya bude baki, ranar da ya kwanta gefe ruwa ya samu kofa. Sannan yana bukatar zurfin da ya wuce mita 1 da 'yan kai kafin karfen kasa ya daina taba kasa, kuma kowa ya san yadda ruwanmu ke janyewa daga Maris zuwa Mayu. In an fito da shi an ajiye a tudu kuma ga gara. Ruwan dam ma ba gishiri, ruba ta fi saurin kama katako a cikinsa. Babu mai dinkin kyallen nan a nan, babu mai daga shi, ni kaina zan iya canza allo amma ban iya saita sandar tsakiya da wayoyinta ba.

A Legas din ma ba hutu ba ne, ruwan gishiri mai dumi yana da tasa garar, wata tsutsa ce da ke huda katako ta shige ta yi ta ci daga ciki waje na nan lafiya, shi ya sa duk shekara sai an dago shi an kankare an shafa fentin kasa mai guba, banish kuma rana na cinye shi cikin watanni. Yana son mutumin da zai leka shi duk sati, ya bude shi ya sha iska, ya kwashe ruwa, ya taba nan ya taba can.

Don haka ga mazaunin Legas mai son ruwa da lokacin kula da shi, na ce ya saya, jikin jirgin lafiyayye ne, a gyara gindin sanda a canza sukurori da na tagulla a nemo inji, ya rage kudin wadannan daga farashi. Alhaji kuwa ya yi shiru ya dade, sannan ya ce in nemo masa farashin karamin kwale-kwale na roba mai fadin kasa wanda mutum hudu za su dauka su sa a bayan Hilux, da rigunan kariya na yara guda 6. Tsohuwar kusar nan da tsatsa ta cinye na roki mai jirgin ya bar min, tana shago a kan benci, jiya ma na nuna wa yarana masu koyon aiki ita da muke maganar sukurun da ake sa wa kofar bandaki.