Tsohuwar amfilifaya mai bawul: wacce za ka saya ka farfaɗo da ita?

Duk mai sha'awar ɗauko tsohuwar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ta zamanin bawul, wato kwalaben gilashin da ake amfani da su kafin zuwan taransisto, ya kwance ta ya sake haɗa ta da hannunsa, sunaye huɗu zai yi ta cin karo da su: Dynaco ST-70 da McIntosh MC275 daga Amurka, sai Leak Stereo 20 da Quad II daga Ingila. Ni dai Dynaco nake cewa a saya, musamman ga wanda wannan ne aikinsa na fari.

Kamfanin David Hafler da ke Filadelfiya ne ya fito da ST-70 a 1959, kuma tun asali a warwatse ake sayar da ita cikin kwali a kan dala 99.95, mai saye ya zauna a gida ya haɗa da dalma. Wannan shi ne babban dalilina. An tsara ta don hannun ɗan koyo, saboda haka idan ka kifa ta ka cire murfin ƙasa, komai a fili yake, waya ba ta hau kan waya ba. Littafinta ya bi aikin daki-daki, har yau ana samunsa. An sayar da fiye da 350,000, shi ya sa ba ta yi wuyar samu ba, kuma kusan duk abin da ya mutu a cikinta akwai masu ƙera sabonsa, daga taransifoma har gangar jikin.

Bawul bakwai ne a kanta: EL34 guda huɗu masu ba da wat 35 a kowane ɓangare, 7199 guda biyu, da GZ34 ɗaya mai daidaita wuta. Zuciyarta kuwa taransifomomin fitar da sauti ne guda biyu, A-470. Su kake saye, sauran duk ana canzawa. Gyaran da take buƙata sananne ne. Akwai doguwar kafasito (gwangwanin da ke tara wuta) mai ɗaki huɗu a tsaye, wadda shekaru sittin sun busar da ita, a cire. Akwai ɗan silinyom, wato tsohon nau'in dayod mai barin wuta ta bi hanya ɗaya, a layin bayas, layin da ke ƙayyade wutar da EL34 ke ja, shi ma a cire a sa dayod irin 1N4007, don idan silinyom ya gaza, EL34 za su ja wuta fiye da kima har farantinsu ya yi ja kamar garwashi. Bawul 7199 ya yi ƙaranci ya yi tsada, sai mutane suka koma sa sabon allo mai amfani da 6GH8A ko 12AU7. A sa fiyus daidai, a sa waya mai ƙafa uku, a sabunta wuraren jona sifika. Idan an gama, ka sa mita ka murɗa abin saita bayas har ta nuna bolt 1.56 a kowane ɓangare, muddin tsarin asali ka bari. Ranar da ka ji murya ta fito daga abin da ya shekara talatin a ɗakin ajiya, za ka gane dalilin da mutane ke ƙwallafa rai a kan wannan aiki.

Tana da aibi guda wanda ya shafe mu kai tsaye. Yawancinsu an yi su don wutar Amurka, bolt 117 zuwa 120 da zagaye 60, tamu kuwa 230 ce da zagaye 50. Taransifomar wutarta ko a can zafi take yi, balle a nan. Kada ka dogara da ƙaramar taransifomar rage wuta ta kasuwa. Sayi sabuwar taransifomar wuta ta cikinta wadda aka naɗa don 230, ka sa kuɗinta cikin lissafi tun farko, ka haɗa da sitabilaiza mai kyau.

Leak Stereo 20 ta 1958 ta fi dacewa da wutarmu, muryarta da daɗi, amma wat 10 ne kawai daga EL84, sai sifika mai ba da ƙara da ɗan ƙarfi kaɗan. Quad II ta Peter Walker, 1953, ɓangare ɗaya kawai take ɗauka, don haka ɗaya ba ta isa sai biyu, wat 15 kowacce, ga KT66 na asali da tsada. McIntosh MC275 ta 1961 ta masu tara kayan tarihi ce, kuɗinta ba na ɗan koyo ba ne.

To, ga inda nake so ka natsu. Kowacce ka zaɓa, kada ka biya sai mai sayarwa ya auna maka taransifomomin sauti da mita, ya turo hoton abin da ta nuna. An taɓa turo mini wata daga waje, hotunanta tsaf, an rubuta cewa tana kamawa. Bawul suna kamawa, gaskiya ne, amma ɓari ɗaya na taransifomar hagu a yanke yake, an kuma fesa masa baƙin fenti don a ɓoye ƙunar. "Tana kamawa" ba ya nufin komai ban da cewa zaren cikin bawul yana ɗaukar wuta. Ka nemi a auna daga wayar tsakiyar naɗin taransifoma zuwa kowane gefe, ka kwatanta hagu da dama. Idan sun yi nisa da juna, ko ɗaya bai nuna komai ba, bar ta. Ka nemi hoton ƙasanta, ka duba ko akwai kakin da ya narke ya zubo, ko tabon hayaƙi kusa da mazaunin bawul. Sabon fenti a kan tsohuwar taransifoma abin tambaya ne.

Algus ɗin bawul ya fi wannan yawa. Tsofaffin bawul na Mullard daga masana'antar Blackburn ta Ingila da na Telefunken na Jamus suna da daraja, don haka maha'inta suke goge sunan bawul mai araha su buga waɗannan sunaye, har kwali suke bugawa. Mullard na gaske yana da wasu ƙananan lambobi a jikin gilashin can ƙasa, ban da tambarin. A EL34 za ka ga irin xf2, da harafin B na Blackburn. Ƙananan Telefunken suna da alamar lu'u-lu'u a gindin gilashi, tsakanin ƙafafu, wadda aka yi tun a wurin zubi. Farin tambarin tsoho da yatsa ma yana gogewa, saboda haka wanda ya zo yana sheƙi, fenti raɗau, ya kamata ya sa ka shakka. Ka kuma sani sunan Mullard yanzu yana hannun wani kamfanin Amurka, ana ƙera sababbi a Saratov ta Rasha. Halal ne sayensu, amma kada a sayar maka da su a kuɗin na Blackburn. Bawul ɗin da azurfar cikinsa ta koma fari fat iska ta shige shi, ya mutu. Masu cewa "sabo ne tsohon ajiya" ba tare da sakamakon awo ba, sau da yawa cirarre ne aka wanke. Ko "huɗu masu daidai da juna" ma, idan babu lambar awo a kan kowane kwali, magana ce kawai.

Kafasito ma ba su tsira ba. Ana samun babbar gwangwani mai sunan kamfanin Japan, a fasa a tarar da 'yar ƙarama a ciki. A wurin da wuta ta haura bolt 400, irin wannan fashewa take yi. Araha ba ta ado. Sayi kafasito daga manyan dillalan kayan lantarki, bawul kuwa fara da sababbin JJ na Sulobakiya har ka san kan aikin.

Idan ta iso, kada ka jona ta kai tsaye don ɗoki. Jera ƙwan fitila mai zare, na wat 100, a kan layin wutarta, ko ka ɗaga wutar sannu a hankali da bariyak, wato taransifomar da ake murɗawa a rage ko a ƙara wuta. Kada ka kunna ta babu sifika a jone, taransifomar sauti na iya lalacewa. Kafasito suna riƙe wutar da ta isa kisa bayan an kashe, don haka sauke su da rizisto, ka tabbatar da mita kafin ka sa hannu, kuma idan kana awo tana kunne, hannu ɗaya ya kasance a aljihu.