Shagon da ya tantance mini shekarun tsohon saksofon a Faris

Na kai wani tsohon saksofon ƙirar Selmer Mark VI wani ƙaramin shagon gyaran kayan busa da ke titin Rue de Rome a birnin Faris, domin a faɗa mini shekarar da aka ƙera shi da kuma ko an taɓa sauya masa wani sashe.

Mai gyaran ya fara da lambar da aka buga a bayan jikinsa, kusa da inda babban yatsa yake hutawa. Ya bayyana mini cewa kamfanin Selmer ya fara fitar da wannan samfurin a 1954, ya kuma maye gurbinsa da Mark VII a 1974, kuma tunda lambar saksofon ɗina alƙaluma biyar ce, to bai wuce farkon shekarun 1960 ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya ƙi dogara da lamba kaɗai. Ya haska fitila a kan zanen furannin da aka sassaƙa a faffaɗan bakinsa da sauti ke fita, ya bi layukan da farce, ya nuna mini yadda suka dushe, alamar cewa an taɓa goge shi aka sake masa shafen ƙyalli, abin da ke rage masa daraja a idon masu tara irin waɗannan kayan.

Inda suka gaza kawai shi ne takardar shaida, wadda sai da na yi mako uku ina zarya kafin na karɓa, kuma ba su rubuta batun shafen a cikinta ba sai da na nema.