Gem ɗin motsa jiki ko gyara cin abinci: wanne ke sauke ƙiba?

Ɗan'uwa, ka ce nauyinka kilo 95 ne, aikinka na zama ne, gudu kuma ba ya burge ka. Kana tunanin sayen irin gem ɗin nan da ake tsalle da naushi a gaban talabijin, shi ne kake tambaya ko shi kaɗai zai sauke maka kilo 10, ko dole sai ka taɓa kwanon abincinka. To bari mu ɗora su biyun a sikeli.

Mu fara da lissafi, don a nan gardamar take mutuwa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 7,700. Mai nauyinka idan ya yi rabin awa yana gem ɗin rawa da gaske, har numfashinsa ya ɗaga, zai ƙona tsakanin kalori 150 da 200. Ka yi hakan kwana biyar a mako, ka tara ƙasa da 1,000. Wata biyu ke nan kafin kilo ɗaya ya tafi, kilo 10 kuwa sai ka haura shekara ɗaya da rabi. Yanzu dubi ɗaya ɓangaren. Gwangwanin lemo mai suga yana da kalori wajen 140, babban cokali ɗaya na man girki kuma 120. Wanda ya saba shan gwangwani biyu a rana, in ya bar su ya kuma rage cokalin mai ɗaya, ya yanke 400 kullum, 2,800 a mako, ba tare da ya zubar da ɗigon gumi ba. A takarda, kilo ɗaya cikin ƙasa da mako uku ke nan, ko da yake saurin yana raguwa in tafiya ta yi nisa. Abin da ka yi minti talatin kana haki ka ƙona, minti biyu sun isa ka mayar da shi ta maƙogwaro. Tufka da warwara.

Dalilin wannan rata shi ne jiki ba a wajen motsi yake kashe yawancin ƙarfinsa ba. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari yana tafiya ne a bugun zuciya, numfashi, aikin ƙwaƙwalwa da hanta, ko kana kwance. Sannan jiki yana da wayon ramuwa: ka motsa da safe, sai ya ƙara maka yunwa, ko ya sa ka wuni a miƙe kan kujera kana ganin ai ka yi na yau. A wani bincike da aka wallafa a 2012, masani Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu wuni a ƙafa, suka tarar in aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a rana kusan ɗaya ne da na mutanen Amurka da Turai.

Su ma gem ɗin ba uwarsu ɗaya ba. Dance Dance Revolution da kamfanin Konami ya fitar a Japan a 1998, wanda ake tattaka kibiyoyi a kan shimfiɗa, yana fitar da gumi sosai. Haka Ring Fit Adventure na Nintendo da ya fito a 2019: ka ɗaura rimot ɗaya a cinya, ka riƙe wani zobe mai tauri kana matsewa, kana tsugunnawa kana tashi, washegari cinyoyinka su gaya maka. Amma Wii Sports na 2006, gem ɗin wasanni irin su tanis da ake yi da rimot a hannu, duk wanda ya daɗe da shi ya gano sirrin. Ranar farko mutum yana tsaye yana kai hannu da dukkan jikinsa kamar yana filin tanis, bayan mako biyu sai ka same shi ya kishingiɗa, wuyan hannu kawai yake girgizawa, kuma maki na hawa. Na'urar ba ta san bambanci ba.

Kada kuma ka gaskata adadin kalorin da allo ke nuna maka. Kintace ne. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada na'urorin ɗaurawa a hannu guda bakwai, wadda ta fi kusa da daidai ma kuskurenta wajen ƙidayar kalori ya kai kashi 27 cikin ɗari. Haɗarin shi ne ka ga an rubuta 400 ka je ka ci 400.

Sai matsalar ɗoki. Lokacin da Pokémon Go, gem ɗin waya da sai mutum ya fita ya yi tafiya yake buga shi, ya fito a 2016, an bi diddigin matasa masu yin sa a Amurka. A makon farko sun ƙara taku kusan dubu a rana, kafin mako na shida an koma gidan jiya. A birnin Houston na Amurka ma an raba wa yara gem, wasu na motsi wasu na zama, aka wallafa sakamakon a 2012: babu bambanci a yawan motsin da suka yi. Sayen na'ura daban, kunna ta a wata na huɗu daban.

Amma kada ka ɗauka gyaran abinci ba shi da nasa aibin. Wanda ya rage ci kawai bai motsa ba, ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da tsoka, kuma ita tsoka tana cikin masu ƙona kalori ko kana hutawa. Ga yunwa, ga saurin fushi, ga nauyin da ke lallaɓowa ya dawo da zarar an saki jiki. A nan ne motsi yake karɓar nasa. A Amurka akwai wata rajista da aka buɗe a 1994 ta mutanen da suka sauke aƙalla kilo 13 da rabi kuma suka riƙe hakan shekara guda ko fiye. Mafi yawansu suna motsa jiki kusan awa ɗaya kullum, galibi tafiyar ƙafa ce. Abinci ya fi iya saukewa, motsi ya fi iya tsarewa. Kuma ko allurar sikeli ba ta gusa ba, motsi yana taimakon hawan jini, sugan jini da barci. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu, mai ƙiba ne ko siriri.

Da ni ne kai, da kwano zan fara, tun yau, tunda wannan ba sai an sayi komai ba. Abin sha mai suga ya fara tafiya, mai a riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga jarka, a ƙara ganye da abin da ke gina jiki don su riƙe ciki. Gem ɗin kuwa, tunda ka ce gudu ba ya burge ka, yana da amfani ɗaya babba: mutum ya fi komawa ga abin da yake jin daɗinsa. Ka zaɓi wanda ke sa ƙafafu aiki, ba hannu kaɗai ba, in da hali ka ari na wani ka gwada mako biyu kafin ka fitar da kuɗinka. Da nauyin kilo 95 ka bi gwiwoyinka a hankali, ka fara da masu taku da tsugunno kafin masu tsalle. Idan kana shan maganin suga ko na hawan jini, ka ga likitanka kafin ka yanke abinci, don adadin maganin kan buƙaci gyara.

Awo kuma sau ɗaya a mako ya isa, da safe kafin ka ci komai, a sikeli ɗaya. Ka haɗa da tef ɗin tela a daidai cibiya, don wani lokaci ƙugu yana raguwa sikeli bai ce komai ba tukuna.