Akwatin wufa mai ƙofar iska da rufaffen akwati: wanne ya cancanci kuɗin mai mota?

Akwatin wufa (sifikar da ke fitar da sauti mai zurfi) na inci 12 da ake sayarwa a haɗe a shagunan kayan sautin mota, wanda aka lulluɓe da baƙin kafet aka kuma buɗe masa ƙofar iska a gaba, shi ne masu mota da yawa suke ɗauka, domin yana da sauƙin kuɗi kuma nan take ake ɗora shi a but. Na saurari irin wannan akwati a bayan Corolla, sannan aka cire sifikar aka mayar da ita cikin rufaffen akwati mai lita 30 wanda kafinta ya haɗa, ba tare da an taɓa amfilifaya ba.

A fagen ƙara, mai ƙofar iska ya yi zarra. Iskar da ke cikin ƙofar tana kaɗawa tare da sifika, kamar yadda kwalba take yin amo idan aka hura bakinta, kuma hakan yana ƙara kimanin desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti) a daidai muryar da aka saita akwatin a kanta, ƙarin da ya yi daidai da ninka ƙarfin amfilifaya. Murfin but da lambar mota har karkarwa suke yi.

Sai dai wannan ƙarar tana da farashinta. Akwatunan da ake haɗawa don kowace irin sifika galibi ƙanana ne, kuma ana saita su sama, wajen haz 45 (haz ma'aunin murya ne, ƙaramar lamba tana nufin murya mai zurfi), alhali masu neman sauti mai zurfi sukan sauko tsakanin 30 da 35. Sakamakon haka, murya ɗaya ce take kumbura ta danne sauran, dukan ganga yana jan jela maimakon ya tsaya cak, kuma idan aka ƙure sauti ana jin ƙofar tana huci saboda ƙanƙantarta. Abin da ya fi haɗari shi ne, a ƙasa da muryar da aka saita, iskar akwatin ba ta riƙe fatar sifika, don haka za a ga fatar tana fita tana komawa da ƙarfi amma babu sautin kirki. Wanda amfilifayarsa ba ta da matatar da ke yanke waɗannan muryoyi na can ƙasa yana iya yaga sifikarsa. Katakon ma bai gamsar da ni ba, domin siriri ne na matsattsen garin katako, kuma duk wanda ya ɗora tafin hannunsa a gefe zai ji bangon yana motsi, wato ƙarfin da ya kamata ya zama sauti yana zurarewa.

Rufaffen akwatin, wanda aka yi da MDF (allon zaren katako da aka matse ya yi tauri) mai kaurin milimita 18 aka kuma toshe kowace mahaɗa da gam, bai kai wancan ƙara ba, amma kowane duka yana fita daban da ɗan'uwansa. Sautinsa yana raguwa a hankali idan aka gangara ƙasa, ɗakin motar kuma yana cike giɓin, ga shi ya bar wa kaya wuri a but. Aibinsa shi ne yana bukatar amfilifaya mai ƙarfi kafin ya cika kunne.

Mai son a ji shi tun daga bakin layi ya ɗauki mai ƙofar iska, amma ya duba takardar da ta zo da sifikarsa, inda kamfani yake rubuta yawan lita da girman ƙofa, ya ba kafinta ya haɗa masa daidai awon. Mai sauraren waƙa a doguwar tafiya kuwa, rufaffen ya fi dacewa da shi. Haɗaɗɗen akwatin kanti kuwa, ban ga dalilin sayensa ba, sai idan mai shago ya iya faɗin litarsa da muryar da aka saita shi a kai.