Kafin ka biya kuɗin kwano a kasuwar Katako ta Yamai

Duk wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin kwano a Yamai cikin watan Afrilu ya san ƙarar nan ta ƙas-ƙas, da rana tsaka da kuma bayan magariba. Yara kan ce aljanu ne. Zafi ne ke sa ƙwayoyin zarra na ƙarfen su ƙara karkarwa a mazauninsu, kowace na neman fili, sai fallen ya miƙe. In sanyi ya sauka ya tsuke, yana gogar ƙusa.

Kwanon da muka saba da shi ƙarfe ne da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya, wadda ke narkewa a wajen digiri 420. Zanen nan mai kama da ganye da kake gani a jikinsa, tutiyar ce ta daskare haka. Ƙwayoyinta na jeruwa shimfiɗa bisa shimfiɗa, da tazara mai yawa a tsakani, shi ya sa suke rawa sama da ƙasa fiye da gefe, har in ta ji zafi kumburinta ta wannan fuskar ya ninka na gefen wajen sau huɗu. Amma shafen siriri ne, ƙarfen da ke ciki shi ke jan ragama. Amfanin tutiya dai sadaukarwa ce: in kwano ya karce ko aka yanke shi, ita ke fara cinyewa kafin tsatsa ta kama ƙarfe. Saboda haka kar ƙyalli ya ruɗe ka. Ce wa mai shago, "Alhaji, nawa ne nauyin shafen?" In ya ce Z275, yana nufin giram 275 na tutiya a kowace murabba'in mita, fuskokin biyu a haɗe.

Sai aluzinc, mai shafen alminiyum kashi 55 cikin 100, sauran kusan duka tutiya. A ɗakin kwana ni shi zan ɗauka, ya fi jure ruwa da rana. Sai dai ba ya shiri da ɗanyen siminti, kuma warin fitsarin dabbobi na cin sa. Mai rufa garken tumaki ya koma wa na tutiya.

Alminiyum zalla, wato bak alu, ba ya jar tsatsa, nauyinsa kuma kusan sulusin na ƙarfe ne. Ga tsada, ga yawan motsi: falle mai mita 6, in zafinsa ya ƙaru da digiri 50, yana miƙewa kusan milimita 7, na ƙarfe kuwa bai kai 4 ba. Dole kafinta ya bar wa ramin ƙusa sarari, ya sa roba, kar kuma ya buga ƙusar baƙin ƙarfe.

Kowanne ka zaɓa, sa a auna kaurinsa a gabanka. Na taɓa sayen wanda aka rantse mini 35 ne, wato kaurin milimita 0.35, iskar farkon damina ta naɗe shi kamar tabarma, muka tsince shi a gidan maƙwabta.