Saitin sola mai 3.5kVA da ake haɗawa a Kano: fanel ya yi, batirin ne bai isa ba

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, masu haɗa sola a Kano suka samu kasuwa. Saitin da aka fi tallata wa gida mai ɗaki uku ko shago shi ne fanel huɗu masu wat 550, inbata (na'urar da ke juya wutar fanel da ta batir zuwa irin wadda kayan gida ke aiki da ita) mai 3.5kVA da bolt 24, sai batirin litiyam guda mai 100Ah. Mai sayarwa zai ce maka ka yi ban kwana da janareta. Da rana dai maganarsa gaskiya ce.

Fanel huɗun nan wat 2,200 ne a rubuce. Ranar Kano ba ta rowa, ana samun awa biyar ko fiye na rana mai ƙarfi, don haka bayan an cire asarar zafi da ta waya, za a tashi da kusan yunit 8 a wuni. Firiji, fankoki, talabijin, har sumo mai jan ruwa idan an kunna shi da tsakar rana, duk yana ɗauka.

Da magariba labari ke canjawa. Batirin yunit 2.5 yake riƙewa, wanda za a iya ja ba tare da an wahalar da shi ba bai wuce 2.2 ba. To a lissafa: fankar sama biyu masu wat 70 na awa goma sun cinye 1.4, firiji zai ci kusan 0.7, ita kanta inbatar tana shan wat 30 zuwa 40 ko ba a kunna komai ba. Ba a ma zo kan ƙwan lantarki da talabijin ba an wuce 2.2 ɗin. Shi ya sa a watan Afrilu, da misalin ƙarfe uku na dare, inbata ke fara ƙyaf-ƙyaf da kuka, fanka ta tsaya cak, gida ya koma fifita da mafici. Mafita biyu ce: ko a sayi batir mai 200Ah tun farko, ko a sauya fankokin da masu cin wat 30. Ta biyun ta fi araha nesa ba kusa ba.

Wajen haɗi akwai abubuwan da arha ke sa a tsallake. Fanel ɗaya yana ba da kusan bolt 50, huɗu a jere sun kai 200, kuma ba kowace inbata ce ke jure hakan ba. A karanta rubutun jikinta kafin a jona. Waya daga rufi ta zama tagulla mai 6mm. Waccan mai araha da aka yi wa wankan tagulla alhali cikinta alminiyam ne, zafi take yi har ta narkar da mahaɗa. A sa bireka ta musamman tsakanin fanel da inbata, da kuma tsakanin inbata da batir, a binne sandar tagulla a ƙasa saboda tsawar damina. A kuma saita cajin batirin kada ya haura amfiya 50, don fanel ɗin sun fi ƙarfinsa. Fanel ya kalli kudu, a karkace kamar digiri 12, a bar tazara tsakaninsa da kwano iska ta ratsa, domin zafi rage masa ƙarfi yake yi.

Sai hunturu. Ka shafa yatsa a kan gilashin bayan kwana huɗu da hazo, za ka ga layi kamar an ja a kan allo. A wanke da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, sau biyu a mako. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi da rana tsaka yana iya tsaga shi.

Batun hayaƙi kuwa, saitin ya cancanci yabo. Kowace litar fetur tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon. Janaretan da ke shan lita ɗaya a awa, idan yana aiki awa biyar kullum, ya haura tan huɗu a shekara. Gida ɗaya ke nan.

Abin da ke ci wa mutum tuwo a ƙwarya shi ne wa ke biya. Abin da Afirka gaba ɗaya ke fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 na wannan iska a duniya ba, kuma rabon ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya a shekara ba, na ɗan Amurka ya haura 13. A taron sauyin yanayi na Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki sun yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Sai 2022 aka ce an cika, kuma kaso mai yawa bashi ne. A Gilasgo a 2021 Muhammadu Buhari ya ɗaukar wa Najeriya alkawarin daidaita hayaƙinta, wato kada abin da take fitarwa ya fi wanda ake shanyewa daga iska, nan da 2060. Amma telan da ke son raba kekensa da janareta, kuɗi a dunƙule ake nema a hannunsa, kayan kuma da dala ake shigo da su. Da wani ɓangare na kuɗin can zai zama rance mai sauƙin ruwa, ko tsarin biya kaɗan-kaɗan da ya dace da masu gudun riba, da batir mai 200Ah bai gagari mutane ba.

Ga mai shago da ke rufewa bayan isha'i, saitin ya isa a yadda yake. Mai iyali ya ƙara batir ko ya sauya fanka, kuma kafin ya biya ya sa a gwada kowane fanel da mita a gabansa, da rana, ya karɓi takardar garanti mai ɗauke da lambar batirin.